Gwajin shuka a gwangwani: me ka canza, me ka auna, me kuma ya canza ba da saninka ba

Duk shekara in mushen SVT, wato malamin kimiyyar rayuwa da ƙasa, ya ce kowane gungu ya kawo gwaji, ko lakwal ta shirya baje kolin kimiyya, abin da yara suka fi rugawa gareshi shine shuka a gwangwani. Ba laihi kuma, wake akwai a gida, ƙasa ga ta nan ƙofar gida, gwangwanin tumatir ba saye ake ba, kwana huɗu ko biyar kaga tsiro ya leƙo. Inda ake samun cikas shine ranar nuni, mai duba aiki ya tsaya gaban tebur yace to ɗiyata me kika canza a nan, yarinya tace na sa ma wannan taki wancan ban sa mishi ba, sai ka duba kaga mai takin cikin bokitin roba yake cike da ƙasar fadama, marar takin kuma cikin ɗan gwangwanin madara da rairayin bakin hanya. Mai taki yafi girma, eh gaskiya ne kowa na gani, amma wa zai iya rantsewa takin ne yayi aikin? Ƙila ƙasar ce, ƙila faɗin bokitin ne, ƙila duka ukku. Wahalar wata guda ta tahi a banza kenan, kuma tun ranar shuka ta tahi.

Ƙannena ƴan CEG da ƴan lise ku nake ma wanga bayani, da iyaye da yayye da ake tadawa da dare a ce a taimaka gobe za'a kai aiki.

A kowane gwaji, abubuwan da ke iya canzawa matsayi ukku suke ɗauka. Akwai abu guda da kai da hannunka kake juyawa da gangan, ka ba wannan kaɗan ka ba wancan da yawa. Akwai abin da kake aunawa dan kaga ko juyin da kayi ya taɓa shi. Sannan akwai tarin sauran abubuwa da kake ɗaurewa, ka tabbata iri ɗaya suke a kowane gwangwani tun daga shuka har ranar ƙarshe. Wannan kowa na iya haddace shi cikin minti biyu, kuma yara na haddacewa su zuba a kaye tsaf. Abin da basu cika kamawa ba shine matsayin ba a jikin abun yake ba, tambayarka ce ke raba ma kowa nashi. Ɗauki ruwa. In tambayarka ita ce yawan ban ruwa na ƙara girman masara ko a'a, to ruwa shine abin juyawa. In tambayarka kan taki take, ruwan nan dai ya koma cikin abubuwan ɗaurewa, kowane gwangwani kofi ɗaya lokaci ɗaya. In kuma kana so ka san wace ƙasa tafi riƙe laima, ta jigawa ko ta geza ko ta fadama, sai ka zuba ruwa daidai ka tara wanda ya tsiyayo ta ƙasa, nan ruwa ya zama abin aunawa. Shi yasa in yaro ya tambaye ni wai hasken rana cikin wane kashi yake, amsar da nake bashi ita ce faɗa min tambayarka tukunna.

To ita tambayar ma sai an gyara ta. "Wane taki yafi kyau" hira ce ta bakin kasuwa, babu abin da zaka auna a ciki, kyau ba'a ɗora shi a sikeli. Hanyar da na ga tafi sauƙi ita ce ka rubuta jimla mai gurbi biyu a shafin farko: in na canza kaza, me zai samu kaza? Ka cike su da abin da ke da lamba. Misali, in na canza yawan takin zamani NPK 15-15-15 da nake sawa a gwangwani, giram 0, 1, 2 da 4, me zai samu nauyin busasshen karan masara bayan sati biyar? Kaga gurbin farko shine abin juyawa, na biyu abin aunawa, duk wani abu a duniya da bai shiga jimlar ba kuma yana iya taɓa masarar, wajibi ne a ɗaure shi. In ka kasa cike gurbin nan biyu kar ka shuka komi, baka shirya ba.

Abin juyawa iri biyu ne, ko yawa kake canzawa kaman giram ɗin can, ko iri kake canzawa, takin shanu da na awaki da na kaji. Na yawa yafi tsabta. Kuma ina ba da shawara a yi mataki huɗu ko biyar maimakon "da taki" da "ba taki" kawai, dan shuka bata tahiya a miƙe, tana ƙaruwa da taki har wani wuri sannan ta tsaya, in ka wuce nan ta ƙone, sabida takin zamani gishiri ne, in yayi yawa kusa da saiwa janye ruwa yake daga jikinta. Mai mataki biyu bazai taɓa ganin wannan lanƙwasar ba. Masu bincike na cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Sadore kusa da Yamai da irin wanga gwaji na mataki mataki suka yaɗa dabarar nan ta sa taki ɗan kaɗan a ramin shuka, wajen giram 6 na NPK ko giram 2 na wani takin zamani mai suna DAP kowane rami, wanda manoma ke aunawa da marfin kwalba ko tsunkule da yatsu. Amma ku lura wannan awon gona ne inda saiwa ke da filin gudu, in ka juye giram 6 a ƙaramin gwangwani ƙila ka kashe tsiron ne.

Takin gida kuwa, nan ake yaudarar kai. Yaro yana gani abu ɗaya ya ƙara, alhali ya ƙara abinci, ya canza yanda ƙasa ke riƙe ruwa, ya sassauta ta iska na shiga, ya shigo da irin ciyawa da ke cikin kashin dabbar, ya gayyato gara, in kuma takin ɗanye ne bai ruɓe ba zafinshi kaɗai na iya kashe tsiro, musamman na kaji. Ba'a hana gwajin ba, gwaji ne mai kyau ma dan shine abin da iyayenmu ke da shi a garke, sai dai a ƙarshe abin da kake da ikon faɗa shine "takin awaki ya ƙara girma da kaza". Dalilin ƙaruwar baka gwada shi ba, kar ka rubuta wai azot ne, sinadarin nan da ke cikin abincin shuka, baka sani ba. Kuma in zaka gwada na shanu da na awaki da na kaji ka auna su a bushe da nauyi ɗaya, dan cikin kwano guda na jiƙaƙƙen kashin shanu fiye da rabi ruwa ne.

Wani abu da kusan ba mai faɗa ma yara, zaɓen irin shukar ma na iya kashe gwajin. Kowa wake yake ɗauka dan yana saurin fita. To wake da gujiya suna da ƴan ƙulle ƙulle a saiwarsu inda wasu ƙwayoyin halitta ke zama suna kamo azot daga iska suna basu, in ka tuge wake mai wata guda ka wanke saiwar zaka gansu, ka fasa ɗaya da farce in yana aiki cikin jaja-jaja ne. Kenan in takin ure kake gwadawa, wanda kashi 46 cikin 100 nashi azot ne, ka zaɓi shukar da tafi kowa rashin damuwa da shi. Masara ko dawa ko hatsi zasu fi nuna maka bambanci. Sannan ƙwayar iri da guzurinta take zuwa, kwanakin farko tsiron abincin cikin ƙwayar yake ci, shi yasa wanda ya tsaida gwajin taki a kwana goma yakan ce taki baya komi. Bai jira guzurin ya ƙare ba ne.

Sai abin aunawa, kuma a nan nake so ku natsu dan tsawo mayaudari ne. Sa wake biyu, ɗaya a tsakar gida ɗaya cikin ɗaki bayan ƙyaure. Bayan kwana goma na ɗakin zai fi tsawo, wani lokaci nesa ba kusa ba, amma dube shi, fari fat ko rawaya, siriri kaman zare, ganye ƙanana, ya kwanta gefe yana neman taga. Miƙewar neman haske ce yake da ɗan guzurin da ya rage mishi, yunwa ce ba lahiya ba. Na waje gajere ne kakkaura kore shar. Yaron da tsawo kaɗai ya auna zai tsaya gaban mutane yace duhu yafi rana gina shuka, kuma lambobinshi daidai suke, abin da ya zaɓa ya auna ne bai dace da tambayar ba. Abin da yafi nuna girma na gaskiya shine nauyin busasshe, ka yanke karan daidai bakin ƙasa ranar ƙarshe, ka sa cikin ambulan na takarda mai lamba, ka shanya har nauyin ya daina raguwa in ka auna yau ka auna jibi. Rana dai ba ita muka rasa ba a Maradi. Sikelin da ke karanta giram da ɓangaren giram ake so, irin na labon lise ko na maƙeran zinariya da azurfa, na mai saida nama bazai ga bambanci ba. In ba sikeli, haɗa abu biyu ko ukku, yawan ganye, kaurin kara, da tsawo, amma tun farko ka rubuta wanne ne babba a cikinsu, kar sai ka ga sakamako sannan ka zaɓi wanda ya goyi bayanka.

Shi kanshi tsawon akwai yanda ake aunashi. Daga ina zuwa ina? Ƙasar gwangwani tana lotsawa da ban ruwa, sati biyu ta sauka da santimeta guda, sai tsiro ya ƙara tsawon da bai yi ba. Ka soka tsinken tsintsiya gefen tsiron ranar shuka ka yi mishi alama da bik, daga alamar kake farawa kullum. Sama kuma ka yanke shawara guda, a wake kan tohon tsakiya, a masara ko inda ganyen ƙarshe ya fito ko ƙarshen ganye mafi tsawo in an miƙar da shi, duk wanda ka ɗauka shi kenan har ƙarshe. Mitar tela ta isa. Mutum guda ke aunawa, lokaci guda, da safe kafin a tahi lakwal yafi, dan da azahar ganye a yanƙwane yake. In da hali ma mai aunawar kar ya san wane gwangwani ne mai taki, a rubuta lambar a gindin gwangwani, sabida hannun mai son takinshi ya ci yakan ɗan ja ganye sama ba tare da ya yi niyyar ha'inci ba.

Yanzu abubuwan ɗaurewa, inda aikin yake gaba ɗaya. Fara da ƙasa. Duk wanda ya taɓa ratsa gonar hatsi ta jigawa wajen Tibiri ko hanyar Dan Isa a watan Agusta ya san yanda take, nan hatsi ya wuce kai, taku goma gaba bai kai gwiwa ba, gona ɗaya iri ɗaya ruwan sama ɗaya. Wani wurin tsohon suri ne, wani wurin shanu suka yi zango bara, wani iska ce ta kwashe ƙasar sama. To in ka cika gwangwani biyar daga wannan kusurwa biyar daga waccan ka riga ka canza ƙasa baka sani ba. Ɗebo duka lokaci guda, zube kan buhu, tankaɗe da rariya, juya shi sosai sau da yawa, sannan ka raba da awo ɗaya. Ƙasarmu ta rairayi dama talaka ce wajen abincin shuka irin fosfor da azot, wannan alheri ne ga mai gwajin taki dan bambanci zai fito, in ka ɗauko baƙar ƙasar lambu ta Jiratawa wadda ta sha taki shekara da shekaru ƙila ka ƙara naka baka ga komi ba.

Gwangwanin kuma iri ɗaya girma ɗaya, hudar gindi yawa ɗaya da ƙusa ɗaya. Na ƙarfe yana ɗaukar zafi, a bazara da zafi ke wuce digiri 40 taɓa shi da rana kaji, saiwar da ke jikin bango dahuwa take. Baƙar leda ma haka. Tukunyar laka tana tsattsafar da ruwa ta jiki tana sanyaya ƙasa amma tana saurin bushewa. Kowanne ka ɗauka ba matsala in duka shi ne. Iri kuma daga wuri guda, wanda aka auno a tiya a kasuwa sau da yawa gauraye ne, in zaka samu tantataccen iri mai suna kaman hatsin HKP yafi, in babu ka zauna ka tsince masu girma ɗaya marasa hudar ƙwaro. Shuka ukku a kowane gwangwani zurfi ɗaya, gaɓar yatsa guda misali, bayan sati ka rage ka bar ɗaya, kuma dokar ragewar ɗaya ce ga kowa, ba ka bar ƙato a mai taki ka bar ɗan tsurut a marar taki ba.

Ruwa da kofin shayi guda ko sirinji na farmasi, daga wuri guda, dan ruwan pampo da na rijiya ba ɗaya suke ba. Rana ɗaya ake shuka duka. Wannan na ƙarshe ana raina shi, sai kaji an ce gwangwanaye basu isa ba mun shuka rabi yau rabi sati mai zuwa, alhali a watan Disamba ko Janairu sati guda na iya zama bambancin dare mai ɗumi da daren hunturu mai buji, kuma hatsi da masara basa son sanyi wajen tsira.

Sai katanga. A jera gwangwani ashirin gindin katangar gabas ta tsakar gida, na kusa da bango basa ganin rana sai hantsi ya ɗaga, na bakin layi tun sassafe suke sha, na can ƙarshe kuma inuwar bedi ke rufe su da la'asar. In masu taki duka suna gefe ɗaya marasa taki suna ɗayan, to taki da rana sun haɗe, ba mai iya raba su ko da farfesa ne. Irin wannan shine mai shiga sharo ba shanu, abin da ya bi abin juyawarka ya canza tare da shi kai baka gayyace shi ba. Akuya da kaji da ƙadangare su a fili suke ɓarna, kana gani ka san an yi, gidan sauro tsoho ya ishe su. Wanda ba'a gani yafi haɗari, kaman inna da ta ga wancan layin ya yi yaushi taji tausayi ta watsa mishi ruwan wanke-wanke, ko ƙanenka da ya ga kana ban ruwa shima ya ɗauko buta. Ka tara mutanen gida ka roƙe su tun ranar farko, Inna dan Allah ko kin ga yana mutuwa ki ƙyale shi, mutuwar ma sakamako ce.

Akwai kuma ruɗani tsakanin abubuwan ɗaurewa da gungun shaida, wanda mushe ke ce ma temwan. Shaida gwangwanaye ne da ake ma komi daidai da sauran, abin juyawar ne kawai basu samu ba, su ne giram 0 a misalinmu. Ba dan su ba baka da abin kwatantawa, masararka ta kai santimeta 40 to sai me, ƙila ba takin ma haka zata kai. Amma shaida ba kullum take nufin hana komi ba. In kana gwada ko ruwan wanki mai omo na cutar da shuka, shaidarka ruwan pampo ne zalla awo ɗaya, ba gwangwanin da aka hana ruwa ba, wannan kowa ya san ƙarshenshi.

Kar ku ɗauka ƙananan yara kaɗai wanga abu ke kamawa. Dubi gawo. Kowane manomi a ƙasar Maradi zai ce maka hatsin gindin gawo yafi, kuma gaskiya ne ido na gani, yana cikin dalilin da yasa da aka fara sassaben zamani a yankin nan wajen 1983, ana barin tohon kututture ya girma maimakon a share shi, mutane suka riƙa kare gawo. To amma me ke sa hatsin yafi? Gawo na zubda ganye da damina ya bar ma hatsi rana ganyen kuma ya zama taki. Yana cikin dangin itatuwa masu kamo azot. Da rani shi ke da inuwa da ƴaƴa, dabbobi na wuni gindinshi suna zubda kashi. Ƴar inuwar rassan na rage zafin ƙasa lokacin da tsiro ke ƙarami. Sannan akwai yiwuwar tun asali a wurin da ƙasa tafi kyau ne iccen ya samu ya rayu ya girma. Abu biyar a cakuɗe gindin icce guda, kuma masana aikin gona sun ɗauki shekaru suna ware su ɗaya bayan ɗaya, wani ya yi rumfa ba icce dan ya ga aikin inuwa kaɗai, wani ya tona ƙasa ya auna. Ɗan lise mai kai zai iya ɗauko yanki guda na wannan, ƙasar gindin gawo da ta taku talatin daga gindin, a gwangwani iri ɗaya rana ɗaya, ya cire inuwa daga lissafi kenan ya bar ƙasa kaɗai. A ganina wannan yafi gwajin sa ma wake kiɗa da wasu ke kwafowa daga intanet sau dubu.

Tarihi ma na da nashi. Wani likita na Burusel mai suna Van Helmont, wanda aka buga aikinshi a 1648 bayan rasuwarshi, ya dasa reshen wani iccen bakin ruwa mai nauyin wajen kilo 2 cikin tukunya mai busasshiyar ƙasa wajen kilo 90, ya rufe bakin da faifan ƙarfe mai huji dan kar ƙura ta shiga, yana ba shi ruwa kawai har shekara 5. Iccen ya kai wajen kilo 77, ƙasar da aka sake busarwa aka auna bata ragu da abin da ya wuce giram 60 ba. Sai ya yanke cewa da ruwa kaɗai icce ke ginuwa. Mutumin ya yi ƙoƙari walle, ya ɗaure ƙasa ya ɗaure ƙura, kuma ya nuna icce ba ƙasa yake cinyewa ba. Abin da bai sa a lissafi ba shine iska, gas ɗin karbon da ganye ke shaƙa da taimakon hasken rana, wanda daga gare shi ne kaso babba na busasshen icce ke fitowa. Bai ɗaure ta ba bai auna ta ba dan bai ma zaci tana cikin maganar ba.

Kuma iccenshi guda ɗaya ne tal, wanda shine kuskuren da yafi yawa a teburan yara, gwangwani ɗaya mai taki ɗaya marar taki. Ƙwaya biyu daga zangarniya guda ma basa girma daidai. A ce marasa taki biyar sun ba ka santimeta 18, 22, 19, 25, 21, masu taki kuma 20, 24, 19, 26, 21. Fidda mwayen, wato matsakaicin kowane gungu, yanda kuke yi a kilas, 21 da 22. Bambancin santimeta 1 ne, alhali cikin gungu ɗaya ma tsakanin babba da ƙarami akwai 7, wannan bai isa a ce taki yayi wani abu ba. Da ɗaya ɗaya ka shuka ka faɗa kan 18 da 26 da ka yi shelar banza, da ka faɗa kan 25 da 19 da ka ce taki na kashe shuka. Biyar a kowane mataki shine ƙarancin da nake ba da shawara, mataki huɗu gwangwani 20 kenan, masu saida abinci a bakin tasha suna zubda manyan na tumatir kullum, a roƙa.

Wurin ajiya kuma a bar ma ƙuri'a. Rubuta lamba 1 zuwa 20 a ƴan takardu, zuba a hula, ja ɗaya ɗaya, yanda suka fito haka zaka jera, sannan duk kwana ukku ko huɗu ka sake jerin. Ba wasa bane, tushen aikin bincike ne. A tashar Rothamsted ta Ingila akwai gonar alkama da ake gwajin taki a kanta tun 1843 har yau, da fegin da ba'a sa ma taki a matsayin shaida, kuma a can ne masanin lissafi Ronald Fisher da ya fara aiki a 1919 ya tsara wannan ƙa'ida ta maimaitawa da raba wuri da ƙuri'a. In ka je filin gwaji na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, a Tarna da damina, ko na ɗaliban sashen aikin gona na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, zaka ga ƴan fegi fegi da alluna, iri ɗaya ya bayyana nan ya sake bayyana can a warwatse, ƙuri'ar ce. Mushe da zai kai ƴan kilas su gani da ido ya rage ma kanshi bayanin sati biyu.

Wasu zasu ce to ba'a juya abu biyu kenan? Ana yi, amma da tsari. Taki da ruwa misali, gungu huɗu: taki da ruwa mai yawa, taki da ruwa kaɗan, ba taki da ruwa mai yawa, ba taki da ruwa kaɗan. Daga nan ne ake ganin abin da manoma ke faɗa, taki in ruwa ya ɗauke ƙona shuka yake. Wannan na ƴan lise ne, ɗan sizyam, ajin farko na CEG, ya tsaya kan abu guda.

Wajen zane, abin juyawa a layin kwance, abin aunawa a layin tsaye. In yawa ka canza ka haɗa ɗigon da layi, in iri ka canza ka yi sanduna, ba'a ja layi daga takin shanu zuwa na kaji dan babu wani abu a tsakaninsu. Kuma ka kawo kayen aikin kanshi teburin, wato littafin da kake rubutu a ciki, mai datti mai kwanan wata, inda aka rubuta ranar da akuya ta cinye lamba 7, da ranar da aka ɗauke ruwan pampo aka yi ban ruwa da na rijiya, da tsiron da ya mutu ba'a ɓoye shi ba. In bambanci bai fito ba ka rubuta bai fito ba, a wannan ƙasa da wannan awo cikin sati biyar, sannan ka lissafo abin da kake zargi, ko lokacin ne yayi gajere ko ƙasar dama ƙosasshiya ce. In mai duba aiki ya tambaye ka abin da ka kasa ɗaurewa ka faɗa mishi kai tsaye, zafin dare da iska da ƙurar hunturu ba a hannunka suke ba, abin da kayi shine ka tabbata sun sauka kan gwangwani ashirin ɗin daidai wa daida.